Darasi Na Goma Sha Biyu: Kiyaye Ruwan Kwamin Ninƙaya Da Maganin Gansakuka

Muƙaddima

A cikin sana'o'in da zamani ya kawo wa birnin Maraɗi, tun da otal-otal suka yawaita, attajirai kuma suka shiga gina manyan gidaje a sababbin unguwanni, akwai wata wadda masu iya ta kaɗan ne, alhali mai iya ta ba ya rasa abin sawa a bakin salati, ita ce kula da kwamin ninƙaya, wato babban kwamin siminti da ake cikawa da ruwa domin wanka da iyo a lokacin zafi. Sau da yawa maigida yakan kashe dukiya ya gina shi, sa'an nan ya danƙa shi ga mai gadi ko yaron gida ba tare da an koya masa kome ba, kafin mako biyu ruwan da yake garau ya koma kore shar, a zubar, a sake cikawa, a sake komawa gidan jiya. Manufar wannan darasi ita ce ku fahimci sababin wannan ɓarna da maganinta. Fa'idarsa kuma ba ta tsaya ga gidajen masu hali ba, domin ƙa'idar da ke kiyaye kwamin attajiri, da yawa daga cikinta ita ce ke kiyaye tankin masallaci, da na makaranta, da kwamin mai lambu.

Fasali Na Farko: Hukuncin Ido Da Hukuncin Awo

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure, ya karanta babin tsarki a cikin littattafan mazhabar Malikiyya irin su Ahalari da Ishmawi da Risala, ya san ana duba ruwa ta siffofi uku, launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa. Ya kuma san malamai sun yi rangwame ga ruwan da ya jirkita saboda mazauninsa, kamar laka ko gishirin ƙasa, ko saboda abin da ya tsiro a cikinsa, kamar gansakuka, suka ce alwala da shi ta inganta. Wannan hukunci ne na ibada, an gina shi bisa sauƙaƙa wa bayin Allah. Hukuncin lafiyar jiki kuwa babi ne daban, domin ruwa yana iya zama halal a yi tsarki da shi, alhali yana ɗauke da abin da ke kwantar da mutum asibiti.

Babu hujjar da ta fi abin da ya auku a Tibiri ƙarfi a kan wannan mas'ala. Tun daga shekarar 1985, mutanen garin suka yi shekaru wajen goma sha biyar suna shan ruwan wata rijiyar burtsatse, ruwa fari tas, babu launi babu wari, alhali sinadarin fuluwor da ke cikinsa ya haura miligram 4 a kowace lita, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta yanke iyakarsa a miligram 1.5. Dubban yara suka tashi haƙoransu sun dafe, waɗansu ƙasusuwan ƙafafunsu suka lanƙwashe, kuma da an tafasa ruwan nan, ko an zuba masa kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, da babu abin da zai ragu daga illarsa, domin fuluwor ba ƙwayar cuta ba ne da za a kashe. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. A sha'anin ruwa dai, ko ƙimar ba kullum yake sani ba. Saboda haka asasin wannan darasi duka shi ne awo: a auna ruwa kafin a zuba masa magani, a sake aunawa bayan an zuba.

Fasali Na Biyu: Gansakuka Da Abin Da Ke Rayar Da Ita

Gansakuka halitta ce mai kama da tsiro, marar saiwa da ganye, wadda ƙwayarta ɗaya ido ba ya gani, sai ta taru dubu bisa dubu kafin ruwa ya sake launi. Iska da ƙura da ruwan sama su ke kawo irinta, haka nan tufafin wanda ya yi iyo a tabki ko a Gulbin Maraɗi, don haka babu mai iya hana ta shiga kwami. Abin da ake iyawa shi ne hana ta hayayyafa. Tana bukatar abubuwa huɗu: hasken rana, da ɗumi, da ruwa mai kwanciya wanda ba ya motsi, da abinci. Abincinta kuwa shi ne ainihin abin da manomi ke saye da kuɗinsa ya watsa a gona, wato sinadaran da ke cikin takin zamani irin su ure da 15-15-15, waɗanda ake samu kuma a cikin ruɓaɓɓen ganye, da kashin tsuntsaye, da gumi, da fitsari. Wanda ya san fadamar Jiratawa, wadda aka shirya domin noman rani a farkon shekarun 1980, mai faɗin hekta sama da 500, ya ga yadda hanyoyin ruwa na siminti da kwamin lambu suke yin kore da sauri a inda taki ya zuba, alhali ruwan ya fito daga rijiya garau.

Iri uku aka fi gani a kwami. Akwai kore, wadda ke yawo cikin ruwa, ita ce mafi saurin yaɗuwa kuma mafi sauƙin kashewa. Akwai rawaya, mai kama da ƙurar da ta kwanta a bangon da rana ba ta cika bugu ba, wadda ke dawowa bayan an share ta. Akwai kuma baƙa, wadda ke fitowa ɗigo-ɗigo, ta kafe a cikin tsagogin siminti, ta rufe kanta da ɓawo mai santsi wanda magani ba ya ratsawa sai an kankare shi.

Illarta ta wuce muni ga ido. Tana cinye maganin da aka zuba domin ƙwayoyin cuta, tana toshe matata, tana sa daɓe santsi har mutum ya zame, tana kuma ɓoye ƙasan kwami, ta yadda yaro zai nutse ba a gan shi ba. Kwamin da aka yi wa saki har ya yi kore, injin da ke juya ruwansa a kashe, cikin kwana bakwai zuwa goma na zafi sauro ya gama ƙyanƙyasa a cikinsa, maƙwabta su kwashi zazzaɓin cizon sauro ba da laifinsu ba.

Fasali Na Uku: Mizanin Tsami Da Kanwa

Kowace uwargida ta san tsamiya da lemun tsami suna gefe guda, kanwa da ruwan toka suna ɗaya gefen, kuma ɗayan yana kashe kaifin ɗayan. Masana sun yi wa wannan ɗabi'a mizani wanda suke kira pH, wani masani ɗan ƙasar Danmak mai suna Sorensen ne ya tsara shi a shekarar 1909. Mizanin ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, abin da ya gaza ta yana ɓangaren tsami, abin da ya haura ta yana ɓangaren kanwa. Ruwan kwamin ninƙaya ana so ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.6.

Hikimar wannan iyaka ita ce, ƙarfin kulorin ya rataya ne a kanta. Idan mizani yana 7.5, wajen rabin kulorin da ke cikin ruwa ne ke da kaifin kashe ƙwayar cuta nan take. Idan ya kai 8, bai fi rubu'i ba. Idan ya kai 8.5, ko ushiri bai cika ba. Shi ya sa za ku ga mutum yana ta zuba magani, kuɗi suna ƙarewa, ruwa kuma yana ƙara yin kore, ya ce an sayar masa da jabu, alhali mizani ne ya hau. Idan kuma ya sauka ƙasa da 7, ruwa yakan ci siminti da ƙarfe, ya sa ido zafi.

Ana aunawa da takardar gwaji wadda ake tsomawa a gwada launinta da jadawali, ko da ƙaramin akwati mai rami biyu, ɗaya na mizani, wanda ke yin rawaya in tsami ya yi yawa, ya yi ja in kanwa ta rinjaya, ɗaya kuma na kulorin. A ɗebi ruwan gwaji daga zurfin kamu ɗaya, nesa da bakin bututun da ke mayar da ruwa. In mizani ya hau, a saukar da shi da garin da aka yi domin haka, ko da asid ɗin da ake sayarwa domin kwami. In ya sauka, a ɗaga shi da garin soda, wanda asalinsa ɗaya da kanwa, sai dai kanwar kasuwa tana da ƙasa da yashi, ƙarfinta kuma ba ɗaya ba ne daga wannan dutse zuwa wancan, don haka ba a iya lissafi da ita. Ruwan tsohon batir kuwa haramun ne ga kwami, saboda dalmar da ke cikinsa. A zuba kaɗan-kaɗan, a bar inji ya juya ruwa sa'o'i huɗu ko fiye, sa'an nan a sake aunawa.

Akwai awo biyu da suke bin wannan. Na farko shi ne na bikarbonat, wanda ke riƙe mizani kada ya yi ta hawa da sauka, ana son sa tsakanin miligram 80 da 120 a lita. Na biyu shi ne na sinadarin farar ƙasa, wanda kuke gani yana daskarewa a cikin butar shayi, ana son sa tsakanin 200 da 400. In ya gaza, ruwa ya tsotse shi daga jikin siminti har daɓe ya yi kaushi, in ya yi yawa ya daskare a bututu da matata.

Fasali Na Huɗu: Kulorin Da Lissafinsa

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Scheele, shi ne ya fara fitar da kulorin a shekarar 1774, ruwan jabel da kuke wanke-wanke da shi kuma ya samo sunansa daga unguwar Javel ta birnin Paris, inda aka fara sarrafa shi. Kulorin shi ne maganin da ma'aikatan lafiya suka dogara a kansa wajen tsarkake ruwan sha lokacin da cutar amai da gudawa ta ɓarke a yankin Madarunfa a daminar 2018. A ruwan sha ana so a sami saura tsakanin miligram 0.2 da 0.5 a lita bayan minti 30; a kwamin ninƙaya kuwa, inda jikin mutane ke shiga, ana son tsakanin 1 da 3 a kowane lokaci.

Siffa uku ake samunsa. Ruwan jabel, wanda ƙarfinsa kaɗan ne, kuma yana raguwa in ya daɗe cikin zafi. Da farin gari mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. Da manyan ƙwayoyi masu narkewa sannu-sannu, masu ƙarfin wajen kashi 90. Waɗannan ƙwayoyi suna ɗauke da wani sinadari mai kare kulorin daga rana, domin rana tsaka ta bazara tana iya ƙone mafi yawan kulorin marar kariya cikin 'yan sa'o'i. Ana son wannan sinadari tsakanin miligram 30 da 50. Amma da yake ba ya ƙonewa, ba ya kuma tashi da tururi, sai ya yi ta taruwa wata bayan wata, har ya daƙushe kulorin ɗin da aka kawo shi ya kare, kuma babu maganin haka illa a rage tsohon ruwa a ƙara sabo. Ƙwayoyin kwami ba na ruwan sha ba ne. Tankin sha yana da nasa ƙanana, irin su Aquatabs, a bi abin da aka rubuta a jikin takardarsu.

Ga lissafin. A auna tsawo da faɗi da matsakaicin zurfi da mita, a ninka su. Kwami mai tsawon mita 8, faɗi 4, zurfi 1.5, yana cin lita 48,000, wato tano 240 na lita ɗari biyu. Gram 1 na tsantsar kulorin a cikin lita 1,000 shi ne miligram 1 a lita, saboda haka wannan kwami yana bukatar gram 48 domin awo ya ƙaru da 1. Da yake farin gari ba tsantsa ba ne, sai a raba 48 da 0.65, a sami wajen gram 74. A zuba bayan magariba, domin ya kwana yana aiki ba tare da rana ta taɓa shi ba.

Ku kiyaye wani kuskure da ya zama ruwan dare: idan kwami ya tashi da wari mai hawa kai, ido yana ja, mutane sukan ce magani ya yi yawa, alhali galibi ƙarancinsa ne, domin warin yana fitowa ne daga kulorin da ya riga ya haɗu da gumi da fitsari. Maganinsa ƙarin kulorin, da wajabta wa kowa ya watsa ruwa kafin ya shiga.

Fasali Na Biyar: Idan Ruwa Ya Riga Ya Yi Kore

Zubar da lita 48,000 a garin da mata da 'yan garuwa suke bin layi a bakin famfo israfi ne, malamai kuwa sun hana israfi ko a cikin alwala. Saboda haka a gwada gyara tukuna, bisa wannan tartibi:

1. A kwashe ganye da duk wani datti da raga.
2. A goge bango da daɓe da matakala da buroshi, a kankare baƙin ɗigo sosai.
3. A saukar da mizani zuwa 7.2.
4. Da magariba a ɗaga kulorin zuwa miligram 10 a lita, wato wajen gram 740 na farin gari ga kwamin misalinmu, a narka shi a bokiti tukuna.
5. A bar inji yana juya ruwa dare da rana, a riƙa wanke yashin matata ta hanyar mayar da ruwa baya.
6. In ruwa ya koma fari-fari kamar tsinkakken koko, gansakuka ta mutu. A sa alif kaɗan, a kashe inji ya kwana, a zuƙe abin da ya kwanta zuwa waje.
7. A auna da dare, a sake aunawa da asuba. In kulorin ya ragu da fiye da 1, da sauran aiki, a maimaita.

Kada kowa ya shiga sai an ga ƙasan kwami sarai, kulorin kuma ya sauko zuwa 3. 'Ya'yan zogale, wanda ake nomawa da yawa a fadamun Gulbi, suna kwantar da laka a randa, amma ba su dace da kwami ba, domin ragowarsu tana cinye kulorin.

Fasali Na Shida: Aikin Kowane Lokaci

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a auna kulorin safe da yamma, a ƙara wa inji sa'o'in aiki, kuma in wuta ta yanke a motsa ruwa da buroshi. Duk santimita 1 da ruwa ya sauka a kwamin misalinmu, lita 320 ne suka tashi, gishirin da ke cikinsu kuwa yana nan bai tashi ba; rufe kwami da tamfol yana rage wannan asara, yana kuma tare haske ga gansakuka. Da damina, bayan kowane hadari a kwashe datti, a sake awo, a kuma ɗaga bakin kwami kada ruwan tsakar gida ya kwararo ciki. Da hunturu, ko babu mai iyo saboda ɗari, ƙura da ganyen bedi ba su fasa zuba ba, don haka ba a yin saki.

Fasali Na Bakwai: Gargaɗi

Kada a haɗa ruwan jabel ko farin gari da asid, domin suna fitar da hayaƙi mai ƙona huhu wanda ke iya kisa. Kada a haɗa farin gari da manyan ƙwayoyi a mazubi ɗaya, domin suna iya kamawa da wuta. Magani ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan magani. A ajiye su a inuwa, wuri busasshe, nesa da taki da fetur da hannun yara. Mai gudawa kada ya shiga, domin akwai ƙwayoyin cutar da ke yin kwanaki a raye cikin kulorin. Ruwan da aka rage, a bar shi kwanaki a rana kafin a ba shuka, kuma kada ya kusanci kwamin kifi. A kewaye kwami da shinge mai ƙofa, domin yaro yana nutsewa ba tare da an ji motsinsa ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa garau ɗin ruwa ba hujja ba ne a kan lafiyarsa? Ka kawo misali daga Tibiri.
2. Waɗanne abubuwa huɗu ne gansakuka ke bukata?
3. Me ke samun kulorin idan mizani ya kai 8?
4. Kwami mai tsawon mita 6, faɗi 3, zurfi 1, lita nawa yake ci, kuma gram nawa na farin gari zai ɗaga awonsa da 2?

Aikin Gida

Kowa ya sami littafi, ya ja layi huɗu: kwanan wata, mizani, kulorin, da abin da aka zuba. Wanda aka ba amanar kwami ya cika shi kullum, ya nuna wa maigida a ƙarshen mako. Wanda ba shi da kwami ya duba tankin masallacin unguwarsu, ya rubuta ko yana da murfi, da ranar da aka wanke shi ta ƙarshe. Ku zo da littattafanku a darasi na gaba, in Allah ya kai mu.